Birkin tsohuwar a-kori-kura ya yi laushi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu tsofaffin motocin a-kori-kura suka fi maimaitawa idan birki ya fara yi musu wasa. Yawancin irin waɗannan motoci birkin diski ne a gaba, na diram a baya, kuma a kan wannan tsari aka gina amsoshin. An sa wa tambayoyin lamba domin wata amsar takan tura ka zuwa wata.

1. Na taka birki na ji ya yi laushi. Mene ne ya lalace?

Kafin a ce ga abin da ya lalace, sai ka fara tantance irin laushin, domin abin da direbobi ke kira laushin birki cututtuka uku ne masu kama da juna. Ta farko, feda ta yi tuɓus kamar ka taka soso, tana lotsawa, babu wani wuri da take tsayawa da tauri. Wannan galibi iska ce ta shiga layin mai, ko tiyon roba ya tsufa yana kumbura. Ta biyu, feda ta yi nisa, sai ta kusa ƙasa sannan ta kama, amma in ta kama ta kama da ƙarfi. Nan tazara ce ta yi yawa a wani wuri, kuma sau da yawa a birkin baya (duba tambaya ta 9). Ta uku, feda ta kama daidai a sama, amma idan ka ɗora ƙafa ka bar ta sai ka ji tana sulalewa ƙasa sannu a hankali. Wannan mai ne ya samu hanyar tserewa, ko zuwa waje ko a cikin masta, wato silindar da feda ke tura mai daga cikinta (tambaya ta 6 da ta 7).

Gyaran kowacce daban ne. Wanda ya je wurin makanike ya ce masa kawai birki ba shi da kyau, ya buɗe ƙofar canza kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce masa feda na nutsewa idan ya tsaya a danja, ya riga ya yi masa rabin aikin.

2. Me ya sa ɗan iska kaɗan yake lalata birki gaba ɗaya?

Domin duk tsarin ya dogara ne a kan abu guda: ruwa ba ya matsuwa. Idan ka taka feda, sanda tana tura fistin a cikin masta, fistin ya tura mai, man ya bi bututun ƙarfe da tiyo ya isa kalifa (maƙalar da ke matse diski) a gaba da silindar taya a baya. Tunda man ba ya matsuwa, ƙarfin da ka sa a sama yana isa kowace taya nan take. Wannan ita ce ƙa'idar da ake danganta wa Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa. Kumfa ɗaya a layi tamkar sifirin ne aka ɓoye a ciki: ƙafarka sai ta gama matse kumfar kafin ƙarfi ya fara isa taya. Man da masta ke turawa a taku ɗaya ɗan kaɗan ne, shi ya sa kumfar da ba ta kai a ce komai ba take cinye tafiyar feda.

3. Motar tana tsayawa dai. Zan iya ci gaba da aiki da ita zuwa ƙarshen mako?

A'a. Tun ƙarshen shekarun 1960 yawancin motoci suna da masta mai ɗaki biyu, kuma a a-kori-kura galibi ɗaki ɗaya na tayoyin gaba ne, ɗaya na baya. Don haka mota tana iya rasa rabin birkinta ta ci gaba da tsayawa a tafiyar cikin gari, direba yana ganin ba komai. Idan layin gaba ne ya mutu, abin da ya rage maka shi ne birkin baya, a motar da bayanta ba shi da nauyi in babu kaya. Ranar da za ka nemi birki na gaske, ranar za ka san ba ka da shi. Fedar da ke kaiwa ƙasa, ko jan fitilar birki a dashbod, ko mai da ke raguwa, kowanne ya isa a ajiye mota.

4. Daga ina zan fara dubawa?

Fara da abin da ba ya buƙatar sifana. Buɗe bonet ka duba kofin man birki: yawan man, launinsa, da robar da ke ƙarƙashin murfi. Sabon mai garai-garai yake, mai ɗan rawaya. Idan ya koma baƙi, ya daɗe ƙwarai. Idan robar murfin ta kumbura ta yi yauƙi, tsallaka kai tsaye zuwa tambaya ta 15. Amma ka sani raguwar mai kaɗan ba lallai yoyo ba ne: yayin da fad ɗin gaba (abin da ke gogar diski) ke cinyewa, fistin na kalifa yana ƙara fitowa, mai kuma yana bin sa ya cike gurbin.

Sai ka leƙa ƙarƙashin mota da tocila. Duba cikin kowace taya ta ɓangaren da ke fuskantar mota, da ƙasan farantin bayan diram, da duk tsawon bututun da ya bi jikin shasi. Daga nan ka shiga ciki, inji a kashe, ka tattaka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, sannan ka ɗora ƙafa da matsakaicin ƙarfi ka riƙe na rabin minti. Lura da abubuwa uku: a ina ta kama, da tauri ta kama ko da laushi, kuma ta tsaya nan ko tana sauka. Amsar waɗannan ita za ta nuna maka wace cuta ce cikin ukun da ke tambaya ta 1.

5. Idan na yi wa birki famfo sau biyu ko uku sai ya dawo. Wannan ba iska ba ce?

Mutane da yawa haka suke ɗauka, kuma shi ya sa ake ɓarnar mai ana fitar da iskar da babu ita. Kula da yadda fedar take bayan famfon. Idan ta taso kuma ta yi tauri kamar dutse, to famfon ya tura shu (abin da ke gogar cikin diram) ne ya cike tazarar da ke tsakaninsa da diram, ko ya mayar da fistin da wani abu ya tura baya. Matsalar saiti ce ko ta boris (tambaya ta 9 da ta 16). Idan ta taso amma har yanzu kana jin ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, iska ce ka matse na ɗan lokaci, kuma da ka saki na 'yan daƙiƙu za ta koma gidan jiya.

6. Mai yana raguwa, amma ban ga digo ko ɗaya a ƙasa ba. Ina yake zuwa?

Wurare uku ne suke ɓoye yoyo. Na farko silindar tayar baya. Tana cikin diram, kuma man da ya fito ƙura da shu ne suke shanye shi kafin ya kai ƙasa. Cire diram, ka ɗan ɗaga robar da ke rufe bakin silindar ta kowane gefe. Ɗan danshi ba komai, amma in mai ya taru a ciki, silindar ta gama. Shu ɗin da ya sha mai kuma ba ya wankuwa, canzawa ake yi, kuma na ɓangarorin biyu tare.

Na biyu bayan masta. Idan robar ƙarshe ta mutu, man yakan zarce cikin busta (abin da ke ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, wanda masta ke ɗaure a jikinsa), wani lokaci ma inji ya zuƙe shi ya ƙone. Alamarsa ita ce fentin busta ya ɓare a daidai ƙarƙashin inda masta ya zauna, domin man birki yana cin fenti. Kwance notin biyu da suka riƙe masta, ka ɗan jawo shi gaba ba tare da ka lanƙwasa bututu ba, ka duba bayan. Na uku shi ne bututun ƙarfe a wuraren da ido ba ya kaiwa, musamman saman tankin mai da ƙarƙashin maƙalan da ke riƙe shi a shasi, inda laka ke zama ta haifar da tsatsa (tambaya ta 17).

7. Feda tana nutsewa a hankali idan na tsaya, mai kuma bai ragu ba ko kaɗan.

Wannan ita ce sananniyar alamar masta mai yoyo ta ciki. Robobin fistin sun cinye, ko cikin silindar ya yi zane, sai man ya riƙa zagaye roba yana komawa kofi maimakon ya tsaya a matse. Ba ya fita waje, shi ya sa ba ka ganin komai. Abin mamakin shi ne an fi kama shi da taku mai sauƙi: idan ka danna da ƙarfi, matsin yana buɗe leɓen robar ya manna shi da bango sai ta riƙe, amma in ka ɗora ƙafa a hankali sai ta sulale.

Kafin ka yanke wa masta hukunci, duba ko motarka tana da na'urar ABS (mai hana taya kullewa) ta tayoyin baya kawai. Ford ta fara sa irinta a motocinta na F-Series a 1987 da sunan RABS, General Motors kuma ta biyo da RWAL a 1988. A cikin wannan na'ura akwai bawul da ke sauke matsi zuwa wani ɗan rumbu idan taya na neman kullewa. Datti ya maƙale a bakin bawul ɗin, mai ya riƙa tsiyaya cikin rumbun, feda ta nutse daidai yadda mataccen masta yake yi. An sha canza masta sau biyu a banza saboda wannan. Gwajin da ke tambaya ta 8 shi ne ke raba gardamar.

8. Akwai hanyar gane ainihin inda matsalar take ba tare da sayen kaya ana gwadawa ba?

Akwai, kuma da za a bar mutum da amsa ɗaya a wannan shafi, wannan ce. Dabarar ita ce a yanke sassan birki ɗaya bayan ɗaya har laushin ya ɓace. Yawancin tsofaffin a-kori-kura tiyon roba uku suke da shi: ɗaya a kowace tayar gaba, ɗaya kuma a tsakiya yana sauka zuwa aksul na baya. Matse ukun da maƙalar tiyo mai zagayayyen baki, sannan ka taka feda. Idan ta tsaya can sama da tauri, masta lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ƙasa da wuraren da ka matse. Sai ka riƙa saki ɗaya kana takawa. Duk wanda ka saki feda ta faɗi sosai, a wannan ƙafar ɓarawon yake. Ɗan sauka kaɗan a kowane saki daidai ne, domin fistin dole ya motsa. Babbar faɗuwa ake nema.

Idan kuma duk ukun a matse suke amma feda na nan da laushinta, matsalar tana sama: masta, ko iskar da ke cikinsa, ko wani bawul da ke tsakani. A nan sai a kwance bututun daga jikin masta, a toshe ramukan da noti na toshewa mai zare iri ɗaya, a fitar da iskar da ta shiga wajen ɗaurawa, a taka. Lafiyayyen masta da aka toshe kusan ba ya motsi. In ya yi tauri, laifin na bawul ɗin ABS ne ko abin da ke tsakani. In ya nutse, shi ne.

Sharuɗɗa biyu: kada a yi amfani da filaya mai haƙora kai tsaye a kan tiyo, tana fasa rufin ciki, kuma ba a matse tiyo mai saƙar ƙarfe a waje. Mota kuma ba ta motsawa ko taku ɗaya da tiyo a matse.

9. Me ya haɗa birkin baya da nisan feda? Ai na gaba ne ke yin aikin.

Na gaba ne ke yin mafi yawan tsayarwa, amma na baya ne ke yanke inda feda za ta kama. Fad ɗin diski kullum yana dab da diski. Shu na diram kuwa sifirin ne ke janye shi baya duk lokacin da ka saki, don haka duk tazarar da ta ƙaru sai ƙafarka ta biya ta a kowane taku. Akwai ɗan ƙarfe mai haƙora kamar tauraro da ya kamata ya riƙa cike wannan tazara da kansa, a wasu motoci idan ka taka birki kana ribas, a wasu idan ka ja birkin hannu. A tsohuwar mota shi ne abin da ya fi saurin ƙamewa da tsatsa da ƙura.

Gwajin ba wuya, muddin birkin hannun motarka da waɗannan shu ɗin yake aiki. Ja shi har ya fara kamawa, sannan ka taka feda. In ta taso sama ta yi kyau, saitin baya ne. Ɗaga bayan motar a kan turakun ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, ka juya tauraron ta ramin da ke farantin baya har taya ta fara gogawa, sannan ka ɗan sassauta. In an cire diram, a wanke tauraron a shafa masa ɗan giris mai jure zafi, a kuma tabbatar na dama bai koma hagu ba, domin zarensu ya saɓa wa juna. A jikin diram akwai lambar iyakar faɗin da aka yarda ya kai. Wanda aka sha gogewa har ya wuce wannan lamba ba zai taɓa ba da feda mai kyau ba, ko da sabon shu.

10. Yaya ake fitar da iska yadda ya kamata?

Mutum biyu, ɗan tiyo mai nuna ciki, kwalba mai ɗan mai a ƙasa, da sabon gwangwanin mai. Sa bakin tiyon a kan notin iska, ɗaya bakin a nutse cikin kwalba. Na ciki ya taka a hankali ya riƙe, na waje ya buɗe noti, mai ya fita, ya rufe, sannan ya ce a saki. Ba a saki sai an rufe, in ba haka ba iskar da ka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. A maimaita har mai ya fito garai babu kumfa. Bisa al'ada ana farawa da tayar da layinta ya fi nisa daga masta, a ƙare da mafi kusa, amma in littafin motar ya ba da wani jeri, shi ake bi. Bayan kowane taku biyar ko shida a leƙa kofi. In ya ƙafe, aikin ya koma farko.

Abin da ake yawan mantawa: sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. A tsohon masta, fistin ya shekara da shekaru yana zirga-zirga a ɗan gajeren wuri, can gaba kuwa tsatsa da datti sun taru. Ka tura robar ta bi ta kansu sai ta yage, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Notin iska da ya ƙame kuma ba a yi masa ƙarfi. A jiƙa shi da man sassauta tsatsa, a ba shi lokaci, a kama shi da sifana mai kusurwa shida.

11. Na fitar da iska har sau uku, mai yana fitowa garai, amma laushin na nan.

Fara da kallon notin iskan kalifa. Dole ya kasance a sama da inda tiyo ya shiga, domin iska sama take taruwa. Kalifar hagu da ta dama sukan shiga gurbin juna daram, kuma in an musanya su notin ya koma ƙasa. A haka ko ganga guda ta mai ka ƙarar, iskar na nan zaune a sama. Duk wanda laushin birkinsa ya fara bayan canjin kalifa, wannan zai fara dubawa.

Sai bawul mai auna nauyin kaya. A-kori-kura da dama, ciki har da tsofaffin Toyota Hilux, suna da shi a shasi kusa da aksul na baya, da wata doguwar sanda da ta haɗa shi da aksul ɗin. Aikinsa ya rage ƙarfin birkin baya in motar ba kaya, ya ƙara in an yi lodi. A wasu motoci yana da notin iska nasa, kuma da yawa ba su san da shi ba. Haka na'urar ABS ta baya a wasu samfura. Idan an bi duk waɗannan, duba ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu. In ɗaya ta ƙame, kalifa tana karkacewa maimakon ta matse, ka ji kamar iska alhali ƙarfe ne ke lanƙwasa. Fad ɗin da ya ci a karkace, ko na ciki ya fi na waje cinyewa nesa ba kusa ba, shi ne shaidar.

12. Na sa sabon masta, sai abin ya fi da lalacewa.

Mai yiwuwa ba a fitar masa da iska kafin a ɗaura ba. Sabon masta cike yake da iska, kuma a mota da yawa a ɗan karkace yake zaune, hancinsa sama, sai iskar ta maƙale a can. Ana ɗaure shi a kwance daidai a bais (mamatsin da ke kan tebur), a cika kofi, a sa gajerun tiyo daga ramukansa su koma cikin kofin, a riƙa tura fistin a hankali har kumfa ta ƙare. Sannan a ɗaura, a bi tayoyi kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 10.

In an yi haka kuma feda tana tafiya a banza kafin ta fara aiki, a duba sandar da ta fito daga busta ta shiga bayan masta. In ta yi gajarta, ka samu tafiyar wofi. In ta yi tsayi kuma, ta toshe ramin da mai ke komawa kofi, birki ya riƙa kamawa da kansa in ya ɗau zafi. A kuma tabbatar faɗin cikin sabon ya yi daidai da na tsohon. Wanda ya fi ƙanƙanta yana tura mai kaɗan, feda ta yi nisa.

13. Busta na iya jawo laushi?

Da wuya. Busta taimakon ƙafa yake yi, don haka in ya mutu feda tauri take yi, motar ta ƙi tsayawa sai da ƙarfin tsiya. Gwada shi haka: inji a kashe, tattaka har feda ta yi tauri, riƙe, tayar da inji. Feda ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka, busta na aiki. Shi ya sa ma fedar kowace lafiyayyar mota ta fi taushi in inji na aiki, kuma wannan ba cuta ba ce. Injin fetur daga kansa busta ke samun zuƙar iska. Na dizal yana da famfo na musamman, a wasu motoci a bayan altaneta, wasu manyan a-kori-kura kuma da matsin man sitiyari suke aiki.

Tunda kana wurin, sa wani ya taka da ƙarfi kai kuma ka kalli masta da busta. In kana ganin suna motsi gaba, bangon da suke ɗaure a kai ya tsage ko noti ya kwance, kuma wani ɓangare na takunka a nan yake salwanta.

14. Birkin ƙalau yake da safe. Sai na ɗauko kaya na biyo doguwar gangara yake faɗawa ƙasa, in ya huce kuma ya dawo.

Man ne ya tafasa. Man birki na yau da kullum yana zuƙar danshi daga iska, ta murfi da ta jikin tiyo, kuma ruwan da ya shiga yana sauke ma'aunin tafasarsa. Mafi ƙarancin ma'aunin da aka gindaya wa sabon man birki nau'in DOT 3 shi ne digiri 205 na Salsiyos, amma in ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin ya koma 140. Na DOT 4 kuwa 230 ne da 155. Kalifar da ke tare lodi a gangara tana iya kai man ga wannan zafi. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa kamar iska. In ya huce ya koma ruwa, makanike ya taka ya ce bai ga komai ba.

Bambanta shi da fad ɗin da ya ƙone: a can feda tana nan da taurinta, motar ce ba ta tsayawa, ga wari. Maganin tafasa shi ne a zubar da tsohon man gaba ɗaya, abin da masu ƙera motoci da dama ke cewa a yi duk shekara biyu. A kuma bincika ko wata taya tana kamawa da kanta tana dafa man. Sauran ya rage ga direba: a gangara, ƙaramar giya ce ke riƙe mota, birki taimaka mata yake yi.

15. Wane mai zan zuba? Kuma me zai faru in an zuba wanda ba shi ba?

Abin da aka rubuta a murfin kofi. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 asalinsu ɗaya, suna haɗuwa. DOT 5 kuwa, duk da kamar suna, na silikon ne, galibi launin shunayya, kuma ba ya gauraya da sauran. Gwangwanin da aka buɗe aka ajiye watanni ya riga ya sha danshi.

Babbar ɓarna ita ce man inji, man sitiyari ko man giya ya shiga kofi, ko da ta mazurari mai datti. Robobin birki ba su jure man da aka samo daga fetur. Suna kumbura, su yi laushi, su toshe ramuka. Alamar farko ita ce robar murfi ta girma ta ƙi komawa mazauninta. In haka ta faru, canza mai kawai gyaran gangar Auzinawa ne. Duk abin da ke da roba a ciki, daga masta zuwa tiyo, kalifa, silindar taya da bawuloli, sai an canza ko an sake masa robobi, a wanke bututun ƙarfe.

16. Sai na sha kwana ko na bi hanya mai gargada feda take yin nisa, takun farko kawai.

Duba boris na tayoyin gaba. In ya yi sako-sako, diski yana rangaji ya tura fistin ya koma cikin kalifa, takun farko ya tafi wajen dawo da shi. Ɗaga tayar, kama sama da ƙasa ka girgiza. A tsofaffin motoci da yawa boris ɗin na saiti ne da noti, ba sai an canza ba in bai ci ba. Diskin da ya karkace shi ma yakan yi haka, amma shi za ka ji feda na bugun ƙafarka.

17. Tiyo da bututu: yaushe ake canzawa, kuma za a iya yin faci?

Sa wani ya taka da ƙarfi, kai kuma ka kama kowane tiyo da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya yi ƙulu, ko ya tsattsage in ka lanƙwasa shi, ya gama aiki. Wani kuma daga waje sumul, a ciki ya ruɓe ya zama kamar bawul: mai ya shiga ya ƙi dawowa, tayar ta riƙa kamawa tana zafi. In ɗaya ya mutu don tsufa, sauran sa'anninsa ne.

Bututun ƙarfe mai ɓawon tsatsa ba a yi masa faci. Matsin da ke ciki a taku mai ƙarfi yana iya haura psi 1,000 (ma'aunin matsi), don haka tiyon fetur da maƙala, ko walda, ko mahaɗin bututun ruwa, ba su da wuri a nan. Ana canza tsawon gaba ɗaya da bututun birki na ƙarfe ko na gaurayen tagulla da nikel, a buɗa bakinsa da irin buɗin da motar ta zo da shi, domin akwai mai ninki biyu, akwai mai kumburin baki, kuma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya.

18. An gama gyara. Ta yaya zan san birkin ya dawo da gaske?

Kafin motar ta motsa, tattaka feda har ta yi tauri, musamman in an taɓa kalifa, domin takun farko bayan canjin fad yakan tafi ƙasa kai tsaye. Tayar da inji, danna da ƙarfi na minti guda, sannan da sauƙi na wani minti. Kada ta sauka a ko wanne, kuma a samu sarari sosai tsakaninta da ƙasa. Fito ka bi kowane mahaɗi da aka kwance da busasshen tsumma. Sai gwaji a fili marar mutane, da saurin tafiyar ƙafa tukuna, sannan a ƙara gudu kaɗan-kaɗan, kana lura ko motar na ja gefe ɗaya. Sabon fad da sabon shu sukan ɗan yi taushi har sai sun zauna da diski da diram, amma wannan kullum raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba. Bayan gwajin, kusantar da hannu ga kowace taya ba tare da ka taɓa ƙarfen ba: wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai tana kamawa. Yi alama a jikin kofi daidai inda mai ya tsaya, ka sake dubawa washegari da kuma bayan mako guda.